Jinyar Tsofaffi: Wa Ya Cancanci Yin Ta, Kuma Daga Wace Taska Za a Biya Shi?

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya halicci mutum cikin rauni, Ya ba shi ƙarfi, sannan Ya mayar da shi ga rauni da furfura. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku masu ba da zakka da wakafi, da shugabannin kwamitocin masallatai na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, mun saba a kowane rahoton shekara mu keɓe shafuka kaɗan domin darasi guda. Darasin bana wani abu ne da ya faru a hannunmu ya jawo shi.

Akwai wata dattijuwa da rashin tsaro ya taso daga ƙauyensu ta sauka a nan Yankara, ɓarin jikinta ya shanye. Sunanta na cikin littafinmu, kuma duk wata muna miƙa hatsi da ɗan kuɗi ga wani ɗan'uwanta da ta sauka a gidansa. Ranar da mata masu ziyara na kwamitin unguwar suka shiga ɗakinta, sai suka tarar da gyambo a bayanta saboda daɗewar kwanciya. Suka kuma gano cewa wadda take yi mata wanka da wankin shimfiɗa wata maƙwabciya ce, bazawara mai tuyar ƙosai, wadda takan ajiye kaskonta ta shigo in ta samu sarari, ba ta kuwa taɓa karɓar ko kwabo a kan haka ba. Ɗan'uwan bai ci amana ba. Hatsin ya shiga tukunyar gida, tsohuwar tana ci tare da kowa. Kuskuren namu ne. Littafinmu ya rubuta abin da aka bayar, bai tanadi gurbin tambayar wane ne yake jinya ba.

A da, zaman gandu yakan rufe wannan giɓi, domin gida cike yake da surukai da jikoki. Yanzu al'amari ya sauya. Tun daga harin Kadisau a watan Yuni na 2020 da ɗaukar ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na wannan shekarar, kowa ya san yadda gidaje suka watse a wannan yanki. Matasa sun tafi neman abinci a Funtuwa da Zariya da Kano da kudu, tsofaffi kuwa an bar su a gidajen dangi na nesa a garuruwan bakin titi. Saboda haka tambayoyi uku suka hau kanmu: a kan wa jinya ta wajaba, wa ya cancanci a ɗauke shi ya yi ta, kuma daga wace dukiya za a biya shi.

A kan wa jinya ta wajaba?

Asalin hukunci shi ne umarnin kyautata wa iyaye, musamman idan tsufa ya riske su, kamar yadda ya zo a Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24. Malaman mazhabar Malikiyya sun fitar da iyakar abin da alƙali zai iya tilastawa. A cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani an bayyana cewa ciyarwar da ta zama tilas a kan mutum ita ce ta matarsa, da iyayensa biyu idan matalauta ne, da 'ya'yansa ƙanana. Muhtasar na Shaihu Halilu ya ƙara da cewa ɗa mai wadata zai ɗauki nauyin mai yi wa iyayensa hidima idan suna bukatarsa. Wannan hukunci ya hau kan ɗa namiji da 'ya mace, kuma ra'ayin da aka fi rinjayarwa shi ne a raba nauyin a tsakanin 'ya'ya gwargwadon wadatar kowannensu.

Abubuwa uku suke fitowa daga nan. Na farko, tsohon da yake da ɗa mai hali wanda za a iya samun ciyarwa daga gare shi ba ya cikin matalautan zakka, kuma ladan mai jinyarsa yana wuyan ɗan. Aikin kwamiti a nan shi ne nasiha, in ta ƙi ci a kai ga mai unguwa da liman, in ta ƙi a kai ga alƙali. Haka nan bai halatta ɗa ya lissafa abin da yake kashewa a kan mahaifinsa matalauci a cikin zakkarsa ba, domin ya zama ya kare aljihunsa da haƙƙin talakawa.

Na biyu, a wannan mazhaba ciyarwar tilas ba ta ƙetara zuwa kaka da jika, ko wa da ƙane, ko baffa da ɗan ɗan'uwansa ba. Kula da su sada zumunta ne mai girman lada, amma alƙali ba ya tilasta shi. Don haka ya halatta mutum ya ba yayarsa ko gwaggonsa matalauciya zakkarsa, kuma dattijuwar da ba ta da kowa sai ɗan ƙanenta tana cikin waɗanda gidauniya za ta ɗauka.

Na uku, kuma shi ne wanda aka fi mantawa: jinyar uwar miji ko uban miji ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. Idan ta yi, alheri ta yi, kuma Allah ba Ya tozarta ladan masu kyautatawa. Amma tunda ba bashi ba ne a kanta, ya halatta a ba ta ladan aikinta, ita da jika da maƙwabciya. Mafi yawan jinyar da ake yi a gidajenmu waɗannan mata ne suke yin ta, da dare da rana, sau da yawa tare da goyo a baya.

Idan babu ɗa, ko akwai shi amma shi ma a hannu yake, nauyin ya koma kan jama'ar Musulmi. Alƙali Abu Yusufa ya kawo a cikin Kitabul Haraji yadda Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya ɗauke masa jiziya, ya kuma yanka masa abin rayuwa daga baitulmali. Idan haka aka yi wa tsohon da ba Musulmi ba, yaya ke nan ga wanda ya tsufa yana sahun farko a masallatanmu?

Wa ya cancanci a ɗauke shi?

Suratul Ƙasasi, aya ta 26, ta ambaci siffofi biyu na wanda ya fi dacewa a ɗauka aiki: ƙarfi da amana. Ƙarfi a wannan aiki ya haɗa da lafiyar jiki da sanin yadda ake yin sa. Amana kuwa ita ce ginshiƙi, domin wanda ake jinya ba ya iya kare kansa, wani lokaci ma gigin tsufa ya hana shi faɗin abin da aka yi masa.

Hukuma ma ta fara duba wannan fanni. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a watan Janairu na 2018, kuma a 2021 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa, wadda take ƙirga dattijo daga shekara 60. Cibiyar, tare da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa mai hedkwata a Kaduna, ta tsara matakan koyon sana'ar kula da tsofaffi da takardun shaidarta. Wannan ci gaba ne, kuma muna ƙarfafa matasanmu maza da mata su nemi wannan shaida. Sai dai dattijuwar da take kwance yau a Sheme ko Damari ba za ta jira sai mai takarda ya iso ba. Dole kwamitoci su sami ma'auninsu na kusa, wanda bai saɓa wa na hukuma ba. Ga abin da muka tsayar.

Sharaɗi na farko shi ne shaidar mutum biyu adilai daga unguwar, tare da sa hannun liman da mai unguwa, cewa sun san mai neman aikin da gaskiya da haƙuri. Wanda aka sani da shaye-shaye ko saurin hannu ko duka ba ya shiga, ko da ɗan gida ne.

Na biyu, yardar wanda za a yi wa jinya, matuƙar yana cikin hankalinsa. Ba a tura wa dattijo wanda ransa bai kwanta da shi ba. Idan hankali ya gushe, sai a nemi yardar waliyyinsa.

Na uku, mace ta yi jinyar mace, namiji ya yi ta namiji, in ban da miji da mata. Aikin ya shafi al'aura, kuma lalura tana da iyaka: a buɗe gwargwadon bukata, a sa safar hannu ko ƙyalle wajen tsarki, a rufe ƙofa. Abin da mai jinya ya gani a ɗaki amana ne, ba ya zama hira a bakin rijiya.

Na huɗu, koyon aikin a gaban ma'aikacin lafiya na asibitin da ya fi kusa, wanda zai shaida a rubuce cewa mai jinyar ya iya waɗannan abubuwa: juya wanda ba ya iya motsi kamar bayan kowane awa biyu domin kada gyambo ya fito, ɗaga shi ba tare da an ji masa ciwo ko mai ɗagawar ya ji ciwon baya ba, zaunar da shi kafin a ba shi abinci ko kunu domin kada ya shaƙe, ba da maganin hawan jini ko na ciwon suga a kan lokaci kamar yadda likita ya rubuta, da gane alamun da suke bukatar asibiti nan take, kamar karkacewar baki, ko sarƙewar harshe, ko mutuwar hannu farat ɗaya, ko zazzaɓi mai zafi tare da ruɗewa.

Na biyar, sanin hukuncin tsarki da sallar mara lafiya: yadda ake taimaka masa da alwala, lokacin da taimama take isarwa, da yadda ake salla a zaune ko a kishingiɗe. Wannan limamai ne za su karantar. Da yawa daga cikin tsofaffinmu abin da ya fi damunsu a kwanciyar ciwo shi ne sallar da take wuce su.

Akwai kuma iyakar da ba a ƙetarewa. Mai jinya ba ya yin allura, ba ya sa ƙarin ruwa, ba ya sauya magani. Waɗannan ayyukan ma'aikatan jinya ne da jami'an lafiya na al'umma waɗanda suke da lasisi daga hukumominsu. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti sai a nufi babban asibitin Funtuwa ko na Ƙanƙara. Shaidar da kwamiti zai bayar ta shekara guda ce, ana sabunta ta bayan an ji ta bakin dattijon da maƙwabtansa.

Daga wace taska za a biya?

Nan ne wurin da ƙafa take zamewa. Suratut Tauba, aya ta 60, ta iyakance masu cin zakka zuwa kashi takwas, kuma mai jinya, a matsayinsa na mai jinya, ba ya cikinsu. Wasu sun ce a shigar da shi cikin ma'aikatan zakka, amma wannan kaso na masu tattara ta ne da rubuta ta da rarraba ta. Saboda haka bai inganta ma'aji ya ɗebi kuɗin zakka ya biya albashi kai tsaye ba. Hanyoyin da suka inganta guda uku ne.

Hanya ta farko ita ce a mallaka wa dattijon kansa. An ruwaito daga Imamu Malik cewa wanda yake da gida da mai hidima, ba tare da rarar da za ta wadatar da shi ba, ana ba shi zakka. Wannan ya nuna cewa mai hidima yana cikin bukatun da ake lissafawa. Mazhaba kuma ta halatta a ba matalauci abin da zai ishe shi shekara guda. To, idan kwamiti yana ƙiyasta bukatar dattijo mara ƙarfi, sai ya haɗa da ladan mai jinya, a mallaka masa duka. Daga nan, idan ya so, ya wakilta ma'ajin kwamiti a gaban shaidu ya riƙe masa, yana biyan mai jinyar wata-wata. Da wannan aka kauce wa jinkirta zakka, domin ta riga ta isa hannun mai ita. Amma a lura da abin da ya biyo baya: dukiyar ta zama tasa, yana da ikon janye wakilcin, kuma idan ya rasu, abin da ya rage gado ne na magadansa, ba ya komawa asusun gidauniya. Wajibi ne ma'aji ya rubuta irin wannan ajiya a shafi dabam da sunan mai ita. Wanda gigin tsufa ya kama kuwa, waliyyinsa ne yake karɓa masa, in babu sai wanda alƙali ya naɗa.

Hanya ta biyu: idan mai jinyar ita kanta matalauciya ce, kamar maƙwabciyar da muka ambata, ana ba ta zakka saboda talaucinta. Sai dai ba a sharɗanta mata aiki a kan haka, kuma ba a yanke mata idan ta daina, domin zakka haƙƙinta ne, ba ladan ƙwadago ba. Wanda ya haɗa biyun ya sayi aiki da zakka.

Hanya ta uku, wadda muka fi kira gare ta, ita ce wakafi da sadakar ganin dama. Wakafi yana bin sharaɗin wanda ya yi shi, kamar yadda Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara ya ambaci waɗanda za su ci amfaninta, har da mai kula da ita. Duk wanda ya tsayar da gona ko shago ko gidan haya ya rubuta cewa amfaninsa na jinyar tsofaffi ne, to daga nan ana biyan albashi kai tsaye, ana sayen katifa da sabulu da keken guragu, ana biyan kuɗin motar asibiti, kuma mutuwar dattijo guda ba ta taɓa asusun. Malikiyya sun sauƙaƙa wannan ƙofa, domin sun halatta wakafi na ƙayyadadden lokaci. Manomin da ba zai iya rabuwa da gonarsa har abada ba yana iya tsayar da amfanin wani yanki nata na damina uku ko biyar, ɗan kasuwa kuma ya tsayar da hayar shago guda na shekara biyu.

Ƙa'idojin biya

Ɗaukar mai jinya ijara ce, kuma sharaɗin ijara shi ne a san aikin, a san lokacinsa, a san ladan. Kalmar “za mu riƙa ganinki” ba ta ƙulla komai. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu biyu, bisa koyarwar ayar bashi ta Suratul Baƙara, a ambaci sa'o'in aiki, da ko akwai kwana, da ranar hutu, da wanda zai karɓe ta idan ta yi rashin lafiya ko haihuwa.

Lada yana bin nauyin aiki. Ƙasashen da suka daɗe a wannan fanni haka suke yi. Jamus ta kafa inshorar jinya a 1995, tana kasa mabukata mataki-mataki, kuma tana ba da kuɗi ga wanda danginsa suke jinyarsa a gida. Japan ta fara nata tsarin a 2000, amma ta zaɓi ta biya ma'aikatan da aka tantance maimakon miƙa kuɗi ga iyali. Halinmu ya fi kusa da na farko, domin dangi da maƙwabta ne masu jinyarmu, amma mun ɗauki tantancewa daga na biyun. Matakanmu uku ne: dattijon da yake tafiya amma yana bukatar girki da ɗibar ruwa da wanki; wanda sai an taimaka masa wajen wanka da bayan gida; da wanda yake kwance ko hankalinsa ya gushe, ba a barinsa shi kaɗai.

Wajen yanke adadi, abin dubawa shi ne ladan da aka saba biya a irin wannan wahala a garin, kamar abin da ɗan ƙwadago yake samu a yini a gona. A kuma riƙa tuna cewa mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Ko da asusunmu bai kai nan ba, ya zama ma'aunin da zai hana mu raina aikin wanda ya ba da yininsa duka. Ya halatta wani ɓangare na ladan ya zama hatsi, in an ambaci nau'insa da yawan tiyoyinsa, kuma wannan ya fi sauƙi ga masu bayarwa a lokacin kaka. A sake duba adadin duk shekara saboda tashin farashi.

A biya mai jinyar a hannunta ko a asusunta na banki, ba ta hannun mijinta ko mai gidan ba, a ranar da aka yanka. Hadisi ya yi umarni da gaggauta biyan ma'aikaci, wani kuma a cikin Sahihul Buhari ya sanya wanda ya ci ladan ɗan ƙwadago cikin waɗanda Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Kafin kowane biya, mutum biyu na kwamiti su ziyarci dattijon, mata ga mata, su duba jikinsa da shimfiɗarsa, su keɓe da shi su tambaye shi. Mai jinya amintacce ne a shari'a, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi sakaci ko ta'adi. Idan aka tabbatar da duka ko zagi ko yunwatarwa, a dakatar da shi nan take a sanar da mai unguwa. Idan dattijon ya rasu, ijara ta ƙare, kamar yadda malamai suka faɗa game da mai shayarwa idan jaririn ya rasu, sai a biya kwanakin da aka yi. Muna shawartar kwamitoci su cika mata ladan watan daga asusun sadaka.

Abin da muke nema daga gare ku

Wani zai ce biyan kuɗi zai kashe zumunci, kowa ya ƙi taɓa tsohonsa sai an biya shi. Wannan tsoro yana da tushe, shi ya sa ba ma biyan ɗa ko 'ya mai wadata a kan abin da ya wajaba a kansu, kuma ba ma shiga gidan da yake riƙe da tsohonsa lafiya lau. Amma matar da ta ajiye sana'arta domin ta wanke wadda ba ta haife ta ba, ba ta rasa ladan lahira don an ba ta abin sayen masara. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Muna roƙon kowane kwamitin masallaci, kafin azumi mai zuwa, ya bi unguwarsa gida-gida ya rubuta tsofaffin da ba sa iya yi wa kansu hidima, ya rubuta a gaban kowane suna wanda yake jinyarsa a zahiri, da ko yana da ɗa mai hali, da matakin bukatarsa. Masu bayarwa kuma, duk wanda ya kawo dukiya ya faɗa wa ma'aji a fili ko zakka ce, ko sadaka, ko wakafi, domin kowace da taskarta da hukuncinta. Wanda yake da niyyar tsayar da gona ko shago domin wannan aiki ya zo ofishin gidauniya tare da shaidunsa a rubuta.

Ita kuwa dattijuwar da muka buɗe darasi da ita, an ɗaure gyambonta a asibiti, an rubuta yarjejeniya da maƙwabciyarta, kuma tana karɓar ladanta daga asusun sadaka har Allah Ya kawo wakafin da zai ɗauki wannan nauyi. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, kuma muna maraba da gyaran malamanmu. Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu da ƙauyukanmu, Ya sa mu gama da duniya lafiya. Amin.